Fuskar Sarki a Kan Kuɗi: Matsayin Tsofaffin Takardun Kuɗi Masu Hoton Sarakuna a Tarihin Ƙasar Gwandu da Kalgo

Tsakure

Tara tsofaffin takardun kuɗi masu ɗauke da hoton sarakuna fage ne da ya bunƙasa a duniya, yana da ƙungiyoyinsa da kundayensa da kasuwanninsa na gwanjo. Wannan maƙala ta dubi fagen ne daga ƙasar Gwandu, musamman Kalgo da kewayenta. An nuna cewa takardun kuɗin da aka buga domin Nijeriya, tun daga 1916 zuwa yau, babu wadda ta ɗauki fuskar wani sarki mai mulki, na Ingila ko na gida. Fuskar sarki ta shigo kasuwannin Gwandu ne a kan ƙarfe. Saboda haka, duk takardar kuɗi mai hoton sarki da aka tarar a wani gida a wannan yanki baƙuwa ce, wani ne ya ɗauko ta daga wata ƙasa. Darajarta ga masanin tarihi tana tattare da labarin wanda ya ɗauko ta, wato abin da kasuwar masu tarawa ba ta cika damuwa da shi ba.

Fitilun Kalmomi: takardar kuɗi, sulalla, hoton sarki, Gwandu, Kalgo, aikin hajji

1.0 Gabatarwa

Masu sha'awar tara takardun kuɗi, fagen da ake kira notafili, sukan zaɓi jigo guda su bi shi. Wani yakan tara kuɗin ƙasa ɗaya, wani kuɗin lokacin yaƙi, wani kuma masu hoton tsuntsaye ko jiragen ruwa. Daga cikin jigogin da suka fi farin jini akwai na hoton sarakuna, musamman Sarauniyar Ingila Elizabeth ta Biyu, wadda fuskarta ta fara bayyana a takardar dala 20 ta ƙasar Kanada a 1935, tana yarinya ƙarama, tun ba a yi zaton sarauta za ta zo gidansu ba. An kafa ƙungiyar masu wannan sha'awa ta duniya, wato IBNS, a 1961, sannan kundin Albert Pick, wanda ya ba kowace takarda lambarta, ya fara fitowa a 1975. Har yau da lambobin Pick ake ciniki a wannan fage.

A ƙasar Hausa kuwa, tara tsohon kuɗi bai zama sana'a mai suna ba, amma adana shi tsohuwar ɗabi'a ce. Akan same shi a cikin adaka, ko a tsakanin shafukan littafi, ko a ƙasan kwanon jere. Kalgo wuri ne da ya dace a yi wannan nazari daga cikinsa. Ƙaramar hukuma ce a Jihar Kebbi, a ƙarƙashin masarautar Gwandu, tana dab da Birnin Kebbi. A nan hanyar Jega ta haɗu da wadda ta bi ta Bunza zuwa Kamba, bakin iyakar Nijar, inda naira da sefa ke cuɗanya a kullum. Nan ne kuma Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, wadda aka kafa a 2013, ta fara zama. Tambayar da maƙalar ta sa a gaba ita ce: idan aka ce "kuɗin sarki" ko "kuɗin Sarauniya" a irin wannan wuri, wane kuɗi ake nufi, kuma ta wace hanya ya iso?

2.0 Kafin Takarda: Wuri da Liyari

Tun wajen 1812, lokacin da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya raba tafiyar da daula, ya ba ƙanensa Abdullahi ɓangaren yamma, Gwandu ta zama cibiyar mulkin ƙasashe masu faɗi har zuwa Nufe da Ilori. Duk da wannan girma, Gwandu ba ta buga kuɗinta ba, haka ma Sakkwato. Wannan abin lura ne, domin a yawancin daulolin Musulunci buga sunan mai mulki a kan kuɗi da ambatonsa a huɗuba su ne manyan alamomin sarauta. A nan an riƙe tuta da hatimi da wasiƙa a matsayin alamun iko, aka bar kasuwa da wuri. Kalmar "kuɗi" kanta jam'in "wuri" ce. Shi kuwa wuri daga tekun Indiya yake zuwa, ba ya ɗauke da sunan kowa balle fuskarsa. Binciken Marion Johnson (1970) da na Hogendorn da Johnson (1986) sun yi bayanin yadda ya kai ga mamaye kasuwannin wannan yanki.

Ɗaya daga cikin fuskokin sarauta na farko da suka yi yawo a waɗannan kasuwanni ta mace ce, wato Maria Theresa ta Ostiriya, a kan dalar azurfa da Hausawa ke kira liyari ko gurus. Heinrich Barth, wanda ya sauka Gwandu a 1853 zamanin Sarki Halilu, ya tarar ana canzar da dala ɗaya a kan wuri 2,500 a Kano shekara biyu kafin nan. Matar ta rasu a 1780, amma aka ci gaba da buga dalar shekara da shekaru ba tare da sauya wannan shekara a jikinta ba, saboda 'yan kasuwa ba su yarda da wadda ta saɓa wa wadda suka sani. Liyari ta ƙare a matsayin kayan ado a wuyan mata da kuma azurfar maƙeran fari. Darasin farko ga mai tarawa yana nan: shekarar da ke jikin kuɗi ba lallai ba ne ta zama shekarar da aka buga shi.

3.0 Zamanin Turawa: Sarki a Kan Ƙarfe, Bishiya a Kan Takarda

Turawan Ingila sun ci Gwandu da Sakkwato a 1903, aka kuma hana shigo da wuri a 1904. Haraji da jangali su ne suka tura sabon kuɗi cikin ƙauyuka, domin da shi ake son a biya. Da farko sulallan Ingila ne kai tsaye, masu kan Sarauniya Victoria da na Sarki Edward na Bakwai. Yawan waɗannan sulalla a Afirka ta Yamma ya tayar wa mahukuntan Landan hankali, kamar yadda Hopkins (1970) ya nuna, shi ya sa aka kafa Hukumar Kuɗi ta Afirka ta Yamma a 1912, domin Nijeriya da Gwalkwas da Saliyo da Gambiya. Sulallanta sun fito a 1913, takardunta kuma a 1916.

A nan ne ake yawan yin kuskure. Kuɗin wannan hukuma kashi uku ne ta fuskar hoto. Kashi na farko shi ne taro da sisi da sule da dala, wadda wasu ke kira fataka. Waɗannan suna ɗauke da kan sarki: George na Biyar, sannan George na Shida, daga ƙarshe Elizabeth ta Biyu. Kashi na biyu shi ne masu huda a tsakiya, wato anini da ɗari da kwabo, waɗanda suka riga hukumar zuwa, na farkonsu tun 1907. Suna da kambi da sunan sarki da tauraro mai ƙusurwa shida da rubutu da haruffan Larabci, amma babu fuska. Kashi na uku shi ne takardu, waɗanda kamfanin Waterlow na Landan ya buga mafi yawansu. Hoton da ke kansu bishiyar kwakwar manja ce, daga baya a jerin 1953 aka sa bakin kogi da itatuwa da masu aikin amfanin gona. Babu sarki ko sarauniya a kan ko ɗaya daga cikinsu.

Akan ji ana cewa Turawa sun guji sa hoto ne domin kada su ɓata wa Musulmi rai. Gaskiya ne batun sura a kan kuɗi tsoho ne a Musulunci, tun da Halifa Abdulmalik ɗan Marwan ya cire hotuna daga dinari a shekara ta 77 bayan Hijira ya bar rubutu zalla. Sai dai wannan bayani shi kaɗai bai isa ba. Sule, wanda ya fi kowane kuɗi yawo a Arewa, da shi ake sayen gyaɗa da auduga, da shi ake biyan haraji a baitulmalin En'e, kan sarki ne ƙuru-ƙuru a jikinsa. Haka kuma Hukumar Kuɗi ta Afirka ta Gabas ta sa hoton sarakunan Ingila a takardunta, alhali kuɗinta na yawo a Mombasa da Zanzibar, garuruwan Musulmi. Abin da za a iya tsayawa a kansa shi ne cewa kowace hukumar kuɗi ta bi tsarinta, ta Afirka ta Yamma kuma ta zaɓi bishiya.

Mutanen karkara ma ba su yi maraba da takardar ba. Gobara na cinye ta, ruwa na lalata ta, gara na yi mata kaca-kaca, ba a kuma iya binne ta a tukunya kamar sule. A shekarun 1919 da 1920, da azurfa ta yi ƙaranci, an riƙa karɓar takarda a ƙasa da darajar da aka rubuta mata, har sai da aka fito da sulallan gaurayen tagulla a 1920. Harshe ma shaida ne: Hausa ta ba kowane ƙarfe sunansa, har da adadin da ba shi da ƙarfen kansa, kamar ahu da nai, ta kuma kira fam ɗari "jaka" saboda jakar sulalla. Takarda ba ta sami irin wannan gata ba sai can baya. Sakamakon haka ga mai tarawa shi ne, takardun hukumar na kafin Yaƙin Duniya na Biyu masu kyan jiki ba su da yawa, sulallan kuwa suna nan birjik.

Abubuwa biyu na wannan zamani sun shafi Gwandu kai tsaye. A 1934 Sarkin Gwandu Usman ya tafi Ingila tare da Sarkin Musulmi Hassan da Sarkin Kano Abdullahi Bayero, inda suka ga Sarki George na Biyar, mutumin da talakawansu suka sani ta kan sule kawai. Bayan shekara biyu, a 1936, Edward na Takwas ya hau gadon sarauta a Janairu ya yi murabus a Disamba. Ba a sake sulalla masu kansa a Ingila ba, amma anini da ɗari da kwabo na Afirka ta Yamma sun fito da sunansa, domin ba su buƙatar a jira zanen fuska. Wato kwabon da aka sayi ƙosai da shi a kasuwar Jega yana cikin 'yan kuɗaɗen duniya da suka shaida wannan gajeriyar sarauta. An buga su da yawa, don haka tsadarsu ba ta kai labarinsu ba.

4.0 Daga Fam Zuwa Naira

Babban Bankin Nijeriya ya fara aiki ranar 1 ga Yuli, 1959, ya fitar da takardun sule biyar da sule goma da fam ɗaya da fam biyar. Kwanan watan da ke jikinsu 15 ga Satumba, 1958 ne. Ko da yake Elizabeth ce Sarauniyar Nijeriya har zuwa 1963, ta kuma zo ƙasar a 1956 aka yi mata hawan daba a Kaduna, ba a sa fuskarta a takardun ba. A sulallan 1959 kawai ta fito. An sauya takardun a 1965, aka sake sauyawa a Janairun 1968 saboda yaƙin basasa, sannan naira ta maye gurbin fam ranar 1 ga Janairu, 1973, a kan naira biyu fam ɗaya.

Fuskar mutum sananne ta farko a takardar kuɗin Nijeriya ita ce ta Janar Murtala Muhammad, a naira 20 ta 1977, har sunansa ya zama sunan takardar a bakin jama'a. A 1979 Herbert Macaulay da Abubakar Tafawa Ɓalewa da Alvan Ikoku suka biyo baya. Wanda ya fi kusa da gidan sarauta a cikin duk waɗanda aka sa shi ne Sir Ahmadu Bello, a naira 200 ta shekarar 2000. Jinin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ne, ya riƙe hakimcin Raba, ya kuma zama Sardauna a 1938, amma a matsayin Firimiyan Jihar Arewa aka karrama shi. Sunan Aliyu Mai-Bornu da ke kan naira 1,000 ta 2005 yakan ruɗi baƙin masu tarawa su ɗauka sarkin Borno ne, alhali shi ne ɗan ƙasa na farko da ya zama gwamnan Babban Banki. Sarkin Gwandu Haruna Rashid ya yi shekara arba'in da ɗaya a kan gado, daga 1954 zuwa 1995, ya shugabanci Majalisar Sarakunan Arewa, ya ga fam ɗin Turawa da fam ɗin Nijeriya da naira, amma shi da sauran takwarorinsa babu wanda ya hau kan takardar kuɗi. Wasu ƙasashen yankin sun bi wata hanyar: Saliyo ta sa Bai Bureh, Gana kuma ta taɓa sa Yaa Asantewaa. A ƙasa mai masarautu da yawa irin Nijeriya, zaɓen sarki ɗaya tamkar tsokano tsuliyar dodo ne. Abin da ya wakilci al'adar karatun daular Sakkwato a kan naira shi ne rubutun ajami, wanda aka cire daga ƙananan takardu a 2007, da kuma naira 100 ta bikin cika shekara ɗari a 2014. Sefar da ke shigowa ta Kamba ita ma ba ta da sarki a jikinta.

5.0 Hanyoyin da Fuskar Sarki ta Biyo

Tunda ba a buga irin wannan takarda domin Nijeriya ba, sai a nemi hanyoyin da za su iya kawo ta. Uku ne manya, kuma ba su yi daidai da juna wajen yawa ba.

Hanyar da ta fi girma ita ce ta hajji. Kafin jirgin sama ya zama ruwan dare, maniyyata na bi ta Borno da Chadi da Sudan ne, wasu su yi shekaru suna aikin ƙodago a gonakin auduga kafin su ƙetare Bahar Maliya. Kuɗin Masar ne ke yawo a Sudan har zuwa 1957, kuma takardun Masar na tsakiyar shekarun 1940 zuwa 1952 suna ɗauke da hoton Sarki Faruk. Saboda haka fam ɗin Masar mai fuskar Faruk a adakar wani tsohon alhaji alama ce mai ƙarfi ta tafiyar ƙasa. Ita kuwa Saudiyya ta jima ba ta yarda da takardar kuɗi ba. Sai a 1953 hukumar kuɗinta ta fito da rasiɗin mahajjata na riyal goma, domin sauƙaƙa musu ɗaukar azurfa mai nauyi. An rubuta shi da Larabci da Ingilishi da Farisanci da Turkanci da Urdu da Malayanci. Babu Hausa, duk da yawan Takari a Makka da Madina. Jama'a suka riƙa ciniki da rasiɗin kamar kuɗi, har aka fito da cikakkun takardu a 1961, su ma babu fuskar kowa.

Hoto ya fara hawa riyal ne a jeri na uku, na 1976 da 1977: Sarki Faisal a kan riyal 1 da 5 da 10 da 50, Sarki Abdul'aziz a kan 100. Faisal ya riga ya rasu tun Maris 1975. Wannan jeri ya zo daidai da lokacin da kuɗin man fetur ya sa mahajjatan Nijeriya suka haura dubu ɗari a 1977. Faisal kuma ba baƙo ba ne ga mutanen Arewa, saboda kusancinsa da Sardauna a Rabiɗatul Alamil Islami da aka kafa a 1962. Jeri na huɗu ya zo a 1984 da hoton Fahad, na biyar a 2007 da Abdullah, na shida a 2016 da Salman, Abdul'aziz kuma yana kan riyal 500 a dukkansu. Ragowar guzuri, riyal ɗaya ko biyar da alhaji ya dawo da ita bai canzar ba, ita ce takarda mai hoton sarki da ta fi sauƙin samuwa a garuruwa irin Kalgo da Gwandu da Aliero. Akwai tarko a cikinta: shekarar 1379 ta Hijira da ke jikin waɗannan riyaloli shekarar dokar kuɗin ce, ba ta bugu ba. Mai kallon shekarar kawai zai ɗauka takardar Fahad ta girmi 'yancin kan Nijeriya. Fuskar da sa hannun jami'ai su ne ke faɗin zamaninta na gaskiya. Ta haka riyal ke iya taimakawa wajen ƙididdige shekarar hajjin wanda ya rasu bai bar fasfo ba, domin takardar ba za ta riga jerinta fitowa ba.

Hanya ta biyu ita ce ta soja. Dakarun Nijeriya sun yi yaƙi a Afirka ta Gabas a 1940 da 1941, inda sulen yankin ke ɗauke da George na Shida. Daga 1943 kuma runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma suka tafi Indiya da Burma, wadda Hausawa ke kira Bama. Rufin Indiya na lokacin yana da hoton wannan sarki, a 1945 ma an buga wa wasu hatimin mulkin soja na Burma a kansu. Irin wannan takarda a gidan mazan jiya ta cancanci a ajiye ta tare da lambobin yabo da littafin sallama. Sau da yawa akan tarar da ita tare da kuɗin mamayar Japan masu hoton haikalin Buda, waɗanda aka buga da yawan gaske.

Hanya ta uku ita ce ta karatu da fatauci. Fam ɗin Ingila yana cikinta, sai dai Bankin Ingila bai sa fuskar mai mulki a takardarsa ba sai ranar 17 ga Maris, 1960, 'yan watanni kafin Nijeriya ta sami 'yanci. Kafin nan takardun Baitulmalin Ingila na 1914 zuwa 1928 ne kawai suka ɗauki George na Biyar. Don haka fam mai hoton Sarauniya kusan duk na bayan mulkin mallaka ne, na ɗalibai da ma'aikata da masu zuwa asibiti. A wannan rukuni ne dirhamin Maroko yake, mai hoton Muhammad na Biyar ko Hassan na Biyu ko Muhammad na Shida, wanda masu ziyarar Fas kan dawo da shi, da kuma takardun Libiya na 1952 masu fuskar Sarki Idris, waɗanda ba su daɗe ba aka maye su da marasa hoto.

6.0 Ma'aunin Kasuwa da Ma'aunin Tarihi

Kasuwar masu tarawa tana duban abubuwa kaɗan ne: ƙarancin takardar, da lafiyar jikinta, da sa hannun da ke kanta, da lambar jerinta. Lafiyar jiki ita ce kan gaba. Akwai matakai tun daga wadda ba a taɓa kashewa ba har zuwa yagaggiya, kamfanin PMG da aka kafa a 2005 ma yana ba da maki daga 1 zuwa 70, ya rufe takardar a cikin roba. Ninki ɗaya a tsakiya kan rage farashi sosai. Bisa wannan ma'auni, yawancin abin da ke cikin adakun ƙasar Gwandu ba shi da wata tsada. Riyal ɗayan Fahad an buga ta da miliyoyi. Tsofaffin nairorin da sauyin launi na Afrilun 1984 ya ritsa da su a hannun mutanen karkara su ma haka, yawansu ma shaidar asara ce. Ya kamata a faɗi wannan a fili, domin jita-jitar cewa tsohon kuɗi na iya mayar da mutum attajiri ta sa ana yaudarar mutane daga ɓangarori biyu: a sayi mai daraja da arha, ko a sayar musu da jabu da tsada. Fam ɗin Ingila ne ya fita daban, domin Bankin Ingila yana canza duk tsohuwar takardarsa a kan darajar da ke rubuce, komai daɗewarta.

Ma'aunin masanin tarihi kusan kishiyar wannan ne. Abin da kasuwa ke kira aibi, shi ne hujja a wurinsa. Lissafin da wani ya yi da alƙalami a gefen takarda, ko suna da aka rubuta da ajami, ko irin ninkin da ke nuna an ɗinke ta a cikin lalita, duk bayanai ne. Da zarar dillali ya raba takardar da gidan da ta fito, ta koma lambar Pick kawai, daidai da dubban 'yan'uwanta. A ra'ayin wannan maƙala, asarar da ake yi a nan ta fi ta gara, domin gara na barin ɓurɓushi, shi kuwa labari idan mai shi ya rasu ya tafi ke nan. Lokacin rabon gado ne ya fi haɗari, saboda ba a lissafa irin wannan takarda cikin dukiya, sai a ba yara su yi wasa da ita ko a zubar.

Yanayin wurin ma ba ya taimakawa. Kalgo na gefen fadama, laimar damina na kawo fumfuna, hunturu na busar da takarda ta yi ƙarau, ambaliya irin ta 2020 kuma kan shafe abin da ke ƙasan ɗaki. Amma ɓarnar da hannu ke yi da kyakkyawar niyya ta fi yawa. Liƙe takarda da leda mai zafi a shagon kwamfuta, kamar yadda ake yi wa takardun makaranta, yana kashe ta har abada, domin ba a iya ɓare ledar. Salatif na barin tabo mai ruwan ƙasa, guga na murƙushe tudun tawadar da ake gane ta gaskiya da shi, wanki kuma na kashe launi. Abin da take buƙata shi ne a shimfiɗe ta ba ninki a cikin farar takarda mai tsabta, a sa a akwatin ƙarfe nesa da ƙasa da rana, a ɗauki hoton fuskokinta biyu, har da na ɓoyayyen hoton da ake gani idan an ɗaga ta a haske.

Akwai kuma batun doka. Sashe na 21 na Dokar Babban Bankin Nijeriya ta 2007 ya haramta wulaƙanta naira da tallanta da sayar da ita, hukuncin kuwa ɗaurin aƙalla wata shida ne ko tarar aƙalla naira 50,000 ko duka biyun. Lafazin sashen yana da faɗi, don haka mai cinikin takardun naira, musamman waɗanda ake kashewa har yanzu, yana bukatar taka tsantsan. Dokar Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa ta 1979 kuma ta hana fitar da kayan tarihi waje ba da izini ba.

Wuraren da za su iya karɓar irin wannan ajiya suna nan: gidan tarihin kuɗi na Babban Banki a Abuja, da Gidan Tarihin Kanta a Argungu, da Cibiyar Tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato, da Gidan Arewa a Kaduna. Sai dai ba lallai ba ne takardar ta bar gidan masu ita. Abin da ɗalibin Hausa ko na tarihi a jami'ar da ke Kalgo zai iya yi da waya da littafin rubutu shi ne ya ɗauki hoton takardar, ya rubuta ƙasarta da sarkin da ke kanta da lambar jerinta, sannan ya tambayi mutanen gidan, bayan neman izninsu: wa ya kawo ta, daga wace tafiya, ta ƙasa ko ta sama, wane sarki ke kan gadon Gwandu a lokacin, kuma da wane suna ake kiranta a gidan. Tambayar ƙarshe ta masu nazarin harshe ce, domin ƙamusun Bargery na 1934 ya kama sunayen sulalla, amma ya riga riyal mai hoto da shekara arba'in da 'yan kai. Mahajjatan da suka fara kashe riyal ɗin Faisal suna 'yan shekara talatin, yanzu suna wajen tamanin.